Yadda ake gano garaɓasa a farashin dokin sukuwa

Kawuna a Damagaram ya shafe shekaru yana buga tiyarse, cacar sukuwar dawaki. Kullum da hantsi za ka same shi a gindin bedi kusa da rumfar masu yankan tikiti, tabarau a kan karan hanci, takardar shirin sukuwa a cinya, yana zagaye lambobi da jan biro. Dawakin a Faransa suke gudu, a Vincennes ko Longchamp, filayen da bai taɓa sa ƙafa ba, amma ya san sunayen mahayan kamar 'ya'yan cikinsa. Tambayarsa guda ce kullum: wane doki ne zai ci? Sai da na je karatun ƙididdiga a Ingila, malaminmu ya jibge mana sakamakon sukuwa na shekaru ya ce mu yi atisaye da shi, sannan na gane tambayar nan ce ta cinye wa Kawu kuɗi. Wadda ta kamata ya yi ita ce: nawa ake biya a kan dokin nan, kuma abin da ake biyan ya kai haɗarin da ke ciki?

Hukuncin caca a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya, kuma a jihohin Najeriya masu shari'a laifi ce a doka. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Duk abin da zan nuna ana iya yinsa da biro da littafi ba tare da ko dala ta bar aljihu ba, haka ni ma na koye shi, kuma lissafin ɗaya ne da wanda mai sayen gero da kaka yake yi kafin ya ajiye zuwa bazara.

Mataki na farko: mayar da farashi zuwa kashi cikin ɗari

A Ingila ana rubuta farashin doki kamar 4/1. Ma'ana ka zuba fam 1, in doki ya ci a ba ka ribar fam 4, a haɗa maka da naka, ka tashi da 5. A Faransa da yawancin shafukan intanet jimlar suke rubutawa kai tsaye, 5.0. Abu ɗaya ne. To raba 100 da wannan jimlar: 100 raba 5, 20 ke nan. Wato mai shagon caca yana cewa dokin nan zai ci sau 20 in aka yi irin wannan sukuwar sau ɗari. Wanda aka rubuta wa 6/4, ribar 6 ce a kan kowane 4, ɗaya da rabi ke nan, haɗa da uwar kuɗi ya zama 2.5, kashi 40 cikin ɗari. Ka yi ta yin wannan har ya zama ba ka bukatar biro. Idonka ya faɗa kan 9/1, ƙwaƙwalwarka ta ce kashi 10.

Na biyu: tara su ka ga la'adar mai shago

Ga misali na sukuwar dawaki shida. Na sa musu sunayen launi irin namu don kada mu ruɗe.

Akawal, 6/4, kashi 40
Kili, 3/1, kashi 25
Bidi, 4/1, kashi 20
Danda, 7/1, kashi 12.5
Gunya, 9/1, kashi 10
Hurde, 20/1, kashi 4.8

Tara su. Za ka samu 112.3. Amma ai doki ɗaya ne zai ci, jimlar gaskiya dole ta zama 100. Wannan 12.3 da ta ɗoru a kai ita ce abincin mai shago, ko wane doki ya zo. Yawan dawaki, yawan ɗoriyar: a babbar sukuwa mai dawaki ashirin ko talatin takan ninka wannan. Don ka san ainihin abin da kasuwa take tsammani, raba kowanne da 112.3 ka ninka da 100. Akawal zai sauko 35.6, Kili 22.3, Bidi 17.8, Danda 11.1, Gunya 8.9, Hurde 4.3.

Dubi Bidi. Kasuwa ta yi imanin damarsa 17.8 ce, amma tana sayar maka da shi a kan 20. Tun kafin a buɗe ƙofa an riga an tsuga maka tsada. Garaɓasa ita ce ranar da abin ya juya, damar doki ta gaskiya ta fi abin da farashinsa yake faɗa.

Na uku: rufe farashin, ka yanka naka

Nan aikin yake, kuma nan mafi yawa suke zamewa. Ka koyi karanta farashi, yanzu sai ka sa tafin hannu ka rufe shi. Idan ka riga ka ga an rubuta 6/4 a gaban Akawal, duk binciken da za ka yi bayan haka neman hujja ne kawai na abin da ka gani. Na gwada kaina sau da yawa. Ranar da na leƙa, lambobina sukan fito kamar an kwafo su daga allon shago.

Zaɓi sukuwa ɗaya ko biyu a rana, masu dawaki shida zuwa goma, waɗanda duk sun yi gudu sau da dama. Ka bar dukusan da ba su taɓa fita ba, mutanen barga ne kaɗai suka san abin da ke cikinsu.

Fara da lambobin da ke gefen sunan doki. A takardun Ingila irin Racing Post za ka ga abu kamar 31-402. Kowace lamba matsayin da ya zo ne, ta hannun dama ita ce ta baya-bayan nan, sifili yana nufin bai shiga tara na farko ba, ɗan karan nan kuma shi ya raba kakar bara da ta bana. A sukuwar tsallake shinge akwai haruffa: F ya faɗi, U ya kayar da mahayi, P mahayi ya ja linzami ya tsayar da shi. Faransawa suna kiran nasu layin kiɗan doki, kuma su daga hagu suke farawa da na baya-bayan nan, don haka wanda ya saba da ɗaya ya yi hattara da ɗayan. A sukuwar sassarfa, inda doki ke jan ɗan keke, harafin D yana nufin an fitar da shi saboda ya karya sassarfa ya ɓarke da sukuwa.

Lambobin nan ƙofa ce kawai. Na huɗu a cikin manyan dawaki ya fi na ɗaya a cikin kwarkwaɓaɓɓu. Saboda haka a kan kowane doki ka tambayi abubuwa kaɗan.

Ƙasa. Yawancin filayen Turai ciyawa ne, kuma ana sanar da yanayinsu tun daga busasshe mai tauri har zuwa caɓi. Akwai dokin da in ƙasa ta yi laushi sai ka ce an sake shi daga mari, akwai wanda kofatonsa na nutsewa ya gama. Duba a wane irin ƙasa ya yi gudunsa mafi kyau. Kuma ka sake duba sanarwar da safen ranar. Na taɓa ba wata goɗiya kashi 30 saboda an yi hasashen ruwa da dare, na rubuta, na kwanta ina jin kaina gwani. Ruwan bai sauka ba, iska ta busar da fili, ni kuwa ban waiwaya ba. Ta zo ta biyun ƙarshe tana ɗaga kai kamar mai taka ƙaya.

Nisa. Dokin mita 1000 daban, na mita 2400 daban. Wanda ya zo na uku a mita 1600 yana ta cim ma na gabansa a ƙarshe, in aka ƙara masa nisa ya cancanci a ƙara masa maki. Wanda ya ja gaba har ya kusa layi sannan numfashi ya ƙare masa, ragin nisa yake so.

Nauyi. Sukuwa da yawa a Ingila handikaf ce: hukuma tana ba kowane doki maki, mai maki da yawa a ɗora masa dalma a ƙarƙashin sirdi don a daidaita su. Ƙiyasin da masu sana'ar ke amfani da shi shi ne, tsawon doki ɗaya daidai yake da laba uku a gajeren gudu, laba biyu a mil ɗaya, laba ɗaya a mil biyu. Idan Kili ya riga Bidi da tsawon doki ɗaya a mil ɗaya, yau kuma Bidi ya samu sauƙin laba shida a kansa, a takarda Bidi ne gaba da tsawo biyu. Mahayi ɗan koyo ana rage masa laba bakwai, biyar ko uku gwargwadon yawan cin da ya yi, kuma ɗan koyon da hannunsa ya faɗa amma bai gama cinye rangwamensa ba, kyauta ce.

Ƙofar tashi. Filin Chester na Ingila zagayensa bai wuce mil ɗaya da ɗan ɗoriya ba, kusan duk kwana ce ta hagu, don haka mai ƙaramar lamba, wanda ke jikin shingen ciki, gajeriyar hanya yake bi. Gaskiya ne, sai dai kowa ya san haka, an riga an zuba shi cikin farashi. Inda amfanin yake shi ne sukuwa ta gaba: dokin da ya tashi daga ƙofa ta goma sha ɗaya a Chester ya zo na biyar, takarda za ta nuna 5 kawai, ba za ta faɗi ya zagaya ta bayan gari ba.

Shi ya sa kallon bidiyon gudun baya ya fi komai. Kada ka kalli wanda ya ci, kowa shi yake kallo. Zaɓi doki ɗaya ka bi shi da ido daga tashi har layi. An toshe masa hanya? Ya yi nawar fita? Mahayi ya sassauta masa da ya ga ba ci? Sannan ka ƙirga masu son jan gaba a sukuwar yau. In uku ne, za su ƙure juna, mai zuwa daga baya ya tsinci dami a kala. In ɗaya ne tilo, zai yi tafiyarsa yadda ya ga dama, kuma kamo shi sai an sha wuya.

Yanzu raba wake ɗari tsakanin dawakin shida. Da gaske nake, ni da ƙwayar wake na fara, a kan teburin ɗakin kwanan ɗalibai, domin wake ba ya barin ka ba kowa da yawa: in ka ƙara wa wannan, dole ka ɗebe daga wancan. A ce ka tashi da Akawal 33, Bidi 25, Kili 20, Danda 11, Gunya 8, Hurde 3. Rubuta da biro, ba da fensir ba.

Na huɗu: ɗaga hannu ka gwada

Ninka kashinka da jimlar da ake biya. Bidi: 0.25 sau 5, ya ba da 1.25. Akawal: 0.33 sau 2.5, ya ba da 0.83. Duk abin da ya haura 1 garaɓasa ce a lissafinka, abin da ya gaza tsada ce.

Lura da abin da ya faru. Har yanzu kai da kanka ka yarda Akawal ne ya fi kowa damar ci, amma ba shi za ka ɗauka ba. Bidin da ka ɗauka zai faɗi sau uku cikin huɗu. Wannan ne Kawu ya kasa haɗiyewa. A cikin irin wannan sukuwar guda ɗari, fam 10 kowace, ka zuba 1000, Bidi ya ci 25, ka karɓi 1250. Akawal ya ci 33, ya fi sa ka murna sau da yawa, amma 825 ya dawo maka da shi.

Sau da yawa za ka gama duk wahalar nan ka ga babu ko ɗaya da ya haura 1. Rufe littafi, aikin ranar ya yi kyau.

Na biyar: tuhumi lissafinka

Kasuwa ba wawuya ba ce. A cikinta akwai masu barga, masu kwamfuta, da mutanen da ba su da wata sana'a sai wannan. Ɗan gaban goshin kasuwa yana cin kusan sukuwa ɗaya cikin uku a Ingila, shekara da shekaru. Idan kai ka ce 25 kasuwa ta ce 17.8, akwai yiwuwar wani ya san abin da ba ka sani ba, wataƙila dokin ya yi tari a makon jiya.

Bill Benter, Ba'amurken da ya koma Hong Kong a shekarun 1980 ya gina manhajar hasashen sukuwar filayen Happy Valley da Sha Tin, ya yi dukiya mai yawa da ita, ya bayyana cewa lissafinsa ya ƙara kyau sosai ne bayan ya haɗa hasashen manhajar da farashin jama'a. In mai kwamfuta ya rusuna wa kasuwa, kai mai wake fa? Hanya mai sauƙi ita ce ka raba tsakiya: 25 da 17.8, ka samu 21.4. Ninka da 5, ya zama 1.07. Garaɓasar tana nan, amma ta rame, daga kashi 25 ta koma 7. Wannan ta fi kusa da gaskiya. Ni in abu bai tsira bayan rabon tsakiya ba, ba na rubuta shi.

Kuma ka yi hankali da masu dogon farashi. Tun 1949 wani masani a Amurka, Richard Griffith, ya nuna cewa jama'a suna zuba wa marasa dama fiye da yadda suka cancanta, suna kuma rage wa masu dama, kuma an sake ganin haka a ƙasashe da yawa. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Kowa na tuna Foinavon, dokin da ya ci Grand National, babbar sukuwar tsallake shinge ta Ingila, a Aintree a 1967 a kan 100/1, saboda yana can baya lokacin da dawaki suka cakuɗe a shinge na 23, ya samu kafa ya wuce. Ana tuna Mon Mome a 2009, shi ma 100/1. Ba wanda ke tuna ɗaruruwan da suka bi bayan ayari. Yawancin la'adar mai shago a kan irin Hurde take kwance, don haka 4.3 ɗin da muka ba shi ma ta yi masa yawa.

Na shida: farashi ɗaya ba ya zama

Garaɓasa ba a jikin doki take ba, a jikin farashi take, farashi kuwa yana motsi. Ranar 28 ga Satumba 1996 a filin Ascot na Ingila, mahayi Frankie Dettori ya ci sukuwa shida a jere. Dokinsa na bakwai, Fujiyama Crest, da safe 12/1 yake. Kafin a tashi ya faɗo 2/1, saboda jama'a sun yi masa caa, shaguna kuma suna neman rufe ramin da suka faɗa. Doki ɗaya, nauyi ɗaya, fili ɗaya, amma farashi ya tashi daga kashi 8 zuwa 33. Ya ci, aka yi ta shewa. Duk da haka wanda ya saya a 2/1 ya sayi tsada, sa'a ce ta rufa masa asiri.

Don haka ka rubuta mafi ƙarancin farashin da za ka yarda da shi. Bidi a kashi 21.4, in ya sauko 7/2, wato 4.5, lissafi ya koma 0.96, ciniki ya watse. Duba shaguna da yawa, domin wani zai ba da 4/1 wani 9/2. Duba kuma kasuwar musaya irin Betfair, wadda ta fara a 2000, inda mutane ke yi da juna kamfani ya cire kamasho daga riba. Dab da tashi jimlar can tana kusa da 100, shi ya sa ta fi dacewa a yi awo da ita. In an janye doki bayan ka karɓi farashi, za a zaftare wani abu daga ribarka gwargwadon farashin wanda aka janye.

Inda Kawu yake, lissafin ya ɗan bambanta

Abin da ake bugawa a Nijar ta hannun hukumar caca ta LONANI, ko a Kamaru ta kamfanin cacar dawaki na PMUC, tsarin tukunya ɗaya ne, wanda Joseph Oller ya ƙirƙiro a Paris a shekarun 1860. Kowa ya zuba, mai tukunya ya ɗebi rabonsa tun farko, a raba saura ga waɗanda suka dace. A ce an tara jaka 1000, an ɗebe 250, saura 750. In jaka 150 aka zuba wa wanda ya ci, kowace jaka ta dawo da biyar. In 500 aka zuba masa, jaka ɗaya da rabi. Ba ka sanin farashinka sai an rufe, kuma abokin karawarka shi ne mutumin da ke bayanka a layi.

Tiyarse, wadda André Carrus ya fito da ita a 1954, tana neman uku na farko. A dawaki 16, jerin uku bi da bi kala 3,360 ne. Kinte mai neman biyar, 524,160. Ga shi kusan kowa hasashen jarida ɗaya yake kwafa, don haka ranar da lambobin jarida suka fito, masu rabo sun yi yawa, abin da zai zo hannu bai taka kara ya karya ba. Garaɓasa a tukunya ita ce dokin da wakenka ya ba dama mai kyau amma jarida ta manta da shi. Kuma duk mai son gwada idonsa, a kan doki ɗaya zai gwada, don a nan ne kawai zai iya gane ko hasashensa ne ya yi aiki.

Na bakwai: nawa, da kuma littafi

John Kelly na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya fitar da ƙa'idar nawa za a zuba a 1956: raba garaɓasar da ribar da ake biya. Ta Bidi 0.07 ce, ribar 4, sakamako kashi 1.75 na dukkan jarinka. Masu hankali rabin wannan suke ɗauka ko rubu'i, saboda ƙa'idar ta ɗauka lambarka daidai ce. Ƙasa da kashi ɗaya ke nan. Dalili: dokin da damarsa ɗaya ce cikin biyar, yiwuwar irinsa goma su faɗi a jere ta kusa kashi 11 cikin ɗari. Zai same ka, ko lissafinka na kan hanya. Mai ninka zubi don ya fanshe, a nan ake yi masa sallar gawa.

Ja layi shida a littafi: rana da fili, doki, wakenka, farashin da ka gani, farashin tashi, sakamako. Layi na biyar ya fi na shida faɗin gaskiya. Ci da faɗuwa a sukuwa hamsin sa'a ce ta fi yawa a ciki, amma in kana rubuta 5.0 doki yana tashi a 4.0, akai-akai, to kana riga kasuwa gani. In kana rubuta 5.0 yana tashi a 7.0, kasuwa ce ke riga ka. Bayan sukuwa ɗari biyu ko uku, ware duk waɗanda ka ba tsakanin 20 da 25 ka ƙirga nawa suka ci. In ɗaya cikin takwas ne, wakenka yana kumbura, ka san gyaran da za ka yi. Wanda kuma ya fi kasuwa da gaske a Ingila, abin da ke biyo baya shi ne shaguna su taƙaita masa abin da zai iya zubawa, wani lokaci zuwa 'yan sulalla.

Da na koma gida hutu na kai wa Kawu littafi mai layi shida da gwangwanin wake. Na ce, "Kawu, ku gwada wata uku a takarda kawai, ku bar kuɗin a aljihu." Ya juya littafin, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kai yaro, wato Ingila ka je aka koya maka ƙirga wake?" Ya karɓa dai. Waken, Inna ta dafa shi da shinkafa a daren. Littafin kuwa na gan shi bayan sati uku, ya rubuta sukuwa goma sha tara, a gaban guda huɗu ya rubuta da jan biro: babu garaɓasa, ban buga ba.